Hankalin da ke bakin sanda

Makahon da ya ƙware wajen tafiya da farar sanda ba bubbuga ƙasa yake yi barkatai ba, aiki ne mai ƙa'ida. Yana riƙe sandar a tsakiyar jikinsa, daidai cibiya, yatsansa manuni a miƙe a jikinta. Wuyan hannu kaɗai ke motsi, kafaɗa na hutawa. Bakin sandar na kaiwa da komowa gwargwadon faɗin kafaɗunsa da ɗan ƙari. In ƙafar dama ta yi gaba sai sanda ta taɓa hagu, in ta hagu ta ɗaga sai ta koma dama. Duk inda ƙafa za ta sauka a taki na gaba, sanda ta riga ta je ta dubo. Tsawonta kan kai daga ƙasa zuwa ƙirji ko fiye, don mai ita ya sami ratar tsayawa kafin ya isa bakin rami.

Abin da ya fi burge ni shi ne yawan labarin da yake tsinta a wannan ɗan taɓi. Kwalta na da muryarta, siminti na da tasa, yashi kuwa haɗiye ƙarar yake yi. Katakon da aka shimfiɗa a kan kwata yana amsawa da sautin abin da babu komai a ƙarƙashinsa, sai gwanin ya rage sauri tun bai taka ba. Ƙarar bugun kuma takan doki bango ta dawo masa, ya san yana bin jikin gini. Da ta daina dawowa, ya san ya iso bakin lungu ko ƙofar zaure a buɗe. Duk wannan yana gudana ne alhali yana amsa gaisuwar mutane.

Makafi sun daɗe da sanda a ko'ina, amma wannan tsari na taki da bugu ya samo asali ne daga Amurka. A 1944, a asibitin sojoji na Valley Forge, Richard Hoover yana aiki da sojojin da suka makance a Yaƙin Duniya na Biyu. Ya rufe nasa idon ya gwada, ya gano cewa guntuwar sanda mai nauyi ba ta ba da gargaɗi da wuri, sai ya koma ga doguwa marar nauyi da ake kaɗawa a gaba.

To, a ina mai sandar yake jin ƙasa? Ɗauki biro, ka rufe ido, ka goga bakinsa a kan tabarma. Kaushin saƙar ba a yatsunka za ka ji shi ba, can a bakin biron za ka ji shi, wurin da babu jijiya ko ɗaya. Masanin falsafa na Faransa Maurice Merleau-Ponty ya tsaya a kan wannan a littafinsa na 1945. A ganinsa, sandar makaho ta daina zama wani abu da yake ji a hannu, ta zama abin da yake jin duniya da shi.

Daga baya masu binciken ƙwaƙwalwa suka sami abin da ya ƙarfafa maganar. A 1996 Atsushi Iriki da abokan aikinsa a Japan suka koya wa birai jawo abinci da ɗan manjagara. Wasu ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da a da suke kula da kewayen hannu kawai sai suka faɗaɗa iyakarsu har zuwa ƙarshen manjagaran, kuma in biri ya bar aiki da shi, iyakar ta koma yadda take. A 2018 Luke Miller da abokan aikinsa a birnin Lyon suka nuna cewa mutum da ke riƙe da sanda, ba ya ganinta, yana iya faɗin daidai wurin da aka taɓa ta. Kowane wuri da irin rawar da yake aikowa tafin hannu, ƙwaƙwalwa kuma tana karanta wannan rawa kusan yadda take karanta taɓin fata.

Andy Clark da David Chalmers sun kai maganar nesa a wata maƙala ta 1998. Suka ce in abu na waje yana yin aikin da za mu kira tunani da a cikin kai ake yinsa, to shi ma ɓangaren hankali ne. Misalinsu wani mai ciwon mantuwa ne da ke rubuta komai a ɗan littafi yana yawo da shi. Fred Adams da Ken Aizawa suka musa, suka ce abu ya taimaki tunani daban, ya zama tunani daban. Hujjarsu ba ta yarwa ba ce, domin sanda da aka jingine a bango ba ta san komai ba. Amma ni ina ganin sun yanke aikin a inda ba shi da gaɓa. Shawarar a tsaya ko a wuce tana fitowa ne daga zagaye guda: hannu ya kaɗa, ƙasa ta amsa, kunne ya kama, ƙafa ta gyara. A cire sandar, zagayen ya tsinke, kuma ba wani lissafi da ya rage a cikin kai da zai cike gurbinta.

Shi ya sa nake jin ciwo in na ga mai niyyar taimako ya cafke bakin sandar makaho yana ja. Ya ɗaga ta daga ƙasa, ya katse wa mutumin hanyar saninsa a daidai lokacin da ya fi buƙatarta. Haka ma a garuruwanmu, inda ɗan jagora ke riƙe da gaba dattijo na riƙe da baya, sandar ta bar aikinta ta zama abin ja, yaron kuma sau da yawa lokacin makarantarsa ne ke tafiya a hanya. Masu koya wa makafi tafiya da sanda suna da tsarinsu na rakiya. Ka yi sallama, ka tambaya ko ana son rakiya. In an amsa, makahon ne zai kama damtsenka daidai saman gwiwar hannu, ya bi ka da ratar rabin taki, yana jin hawa da gangara daga motsin jikinka, sandarsa kuma tana ɗaya hannun.