Rauta Mai Gurabe: Shin Ofishin Reshe a Kebbi Yana Bukatarta?

Idan ka taɓa leƙa ɗan ɗakin da ake ajiye kayan sadarwa a reshen banki ko wani ofishin gwamnati a Birnin Kebbi, wataƙila ka ga akwatin ƙarfe mai faɗi, koren fitilu na walƙiya a jikinsa. Wannan ita ce rauta, na'urar da ke haɗa kwamfutocin ofis da hedikwata da kuma intanet. A jikinta akwai gurabe, yawanci biyu, inda ake zura kati. Saboda guraben nan ake tsawwala mata kuɗi, kuma su nake so mu bi diddigi.

Cikinta ba wani abin tsoro ba ne, kwamfuta ce marar allo. Akwai ƙwaƙwalwar da ke yanke shawarar inda kowane ƙunshin saƙo zai bi. Akwai ma'adanar wucin gadi da ke riƙe taswirar hanyoyi, da an ɗauke wuta ta mance komai. Akwai ma'adanar dindindin mai ɗauke da babbar manhaja, sai wata 'yar ƙarama da ke riƙe saitin da injiniya ya yi, don na'urar ta tuna aikinta in wuta ta dawo. Sauran su ne kafofin waya, fanka, da sashen karɓar wuta. Shi ke nan.

Hikimar gurabe kuwa ita ce: ka sayi gangar jiki yau, gobe in hanyar sadarwarka ta canza, kati kawai za ka canza. Lokacin da kamfanin Cisco ya fito da samfurin 1841 a 2004, wannan magana ce mai ma'ana sosai. A wancan zamani kowace hanya da irin bakin wayarta. Layin haya na E1 mai gudun megabit 2 a daƙiƙa daban, intanet ta wayar tarho daban, kowanne da katinsa. Kamfani mai rassa ɗari ba zai so ya riƙa sayen sabuwar na'ura duk sanda aka sauya layi ba.

To amma ka dubi yadda intanet ke shiga ofis a Kebbi yau. Ko dai wayar faiba ce, ko rediyon da aka kafa a kan dogon ƙarfe, ko ɗan akwatin MTN ko Airtel, ko farantin Starlink da ya shigo Najeriya a farkon 2023. Kusan dukkansu, in sun iso cikin ɗaki, da waya iri ɗaya suke miƙo maka, wato Ethernet. Ita kuwa rauta da kafofin Ethernet aka haife ta, ba sai da kati ba. Ka ga ke nan matsalar da aka ƙirƙiro gurabe dominta ta kusa ƙarewa, amma kuɗinsu yana nan cikin takardar ɗan kwangila.

Za a ce maka ai tanadi ne don gaba. A nan ne na fi samun sabani da masu tallar. Guraben 1841 ana kiransu HWIC. A 2009 aka fito da jerin 1900 da 2900 masu gurbin EHWIC, waɗanda suka karɓi da yawa daga tsofaffin katuna. Da jerin 4000 suka zo daga 2013, sai aka koma wani gurbi mai suna NIM, wanda tsohon kati ba ya ma shiga cikinsa. Wanda ya tara katuna don gaba, gaban ta zo ta same shi da tarkace. Su ma ƙananan na jerin 4000 ɗin an daina sayar da sababbinsu tun ƙarshen 2023, ko da yake, a yi adalci, magadansu sun ci gaba da karɓar katin NIM.

Sannan ba gurbi ne ke ƙayyade gudu ba. Samfurin 4321 yana fitowa ne da iyakar megabit 50 a daƙiƙa. Kana son 100? Sai ka sayi lasisi. Ƙarfen bai canza ba, ba a ƙara ko kusa ɗaya ba, kulle ne kawai aka buɗe a cikin manhaja. Ofishin da ya biya kuɗin faiba mai sauri, ya kuma ɗaura ta a kan wannan na'ura ba lasisi, zai yi ta zagin kamfanin sadarwa alhali maƙogwaron yana cikin ɗakinsa.

Katin da har yanzu nake ganin amfaninsa a nan shi ne mai ɗaukar layin waya na 4G, don in faiba ta tsinke na'urar ta koma kansa da kanta. Ko shi ɗin sai da lura. An ƙera wasu ne takanas don kamfanonin Amurka irin su Verizon, da zangon mitar da suke aiki a kai. In ka ci karo da irinsu cikin kayan hannu a kasuwar Farm Centre ta Kano ko Computer Village ta Ikeja, arha ba za ta sa su kama sabis yadda ya kamata ba. Ka nemi lambar katin, ka gwada ta da mitar layin da za ka saka, kafin ka ba da kuɗi.

Yanzu ga abin da takardun talla ba sa ɗaga murya a kai. Takardar bayanin 1841 da ta 4321 duk sun ce na'urar ta yi aiki tsakanin digiri 0 zuwa 40 a ma'aunin Salshiyos. Kai da ka san Birnin Kebbi a watan Afrilu, ka san rana kan wuce 40 a waje, balle a ɗan ɗaki marar taga da aka kashe wa na'urar sanyaya ɗaki tun ƙarfe huɗu. In hunturu ya zo kuma, fankar da ke sanyaya ta ita ce ke zuƙo ƙura, ƙurar ta kwanta a kan kayan ciki kamar bargo. Wani ma sai ya cire murfin gurbin da ba kati wai don iska ta shiga. Kuskure ne fa: murfin ne ke tilasta wa iska bin hanyar da aka tsara mata.

Wuta kuma fa? Ƙananan samfuran nan hanyar karɓar wuta ɗaya tak gare su, in ta ƙone aiki ya tsaya, kuma ba katin da zai cece ka. Ba sai na tuna maka gobarar tashar lantarki ta Birnin Kebbi a Satumban 2023 ba, wadda ta jefa Kebbi da maƙwabtanta cikin duhu. Ko a ranakun lafiya, sauyawa daga wutar gari zuwa janareta na kashe na'urar, kuma irin wannan rauta kan ɗauki mintuna kafin ta gama tashi. A reshen da mutane ke kan layi suna jiran cire kuɗi, mintunan nan ba ƙanana ba ne. Da damina ga tsawa, wadda kan biyo wayar rediyon da ke kan rufi ta shigo har cikin kafar na'ura, in ba a binne waya a ƙasa yadda ya dace ba.

Ba cewa nake na'urar banza ce ba. Ƙirarta na da ƙwari, tana ɓoye saƙo tsakanin reshe da hedikwata da kyau, kuma tana da kafar da injiniya zai jona kwamfutarsa kai tsaye ya gyara ko da layi ya mutu gaba ɗaya. Bankin da ke da rassa a faɗin ƙasa, da injiniyoyin da suka saba da manhaja iri ɗaya, yana da hujjar sayenta.

Amma a ce ƙungiya ce ko asibiti mai zaman kansa a Birnin Kebbi zai buɗe reshe a Argungu, ma'aikata goma, kwamfuta shida, firinta ɗaya. Da ni aka tambaya, rauta marar gurabe zan ce a saya, marar fanka, mai kafa biyu ta shigowar intanet, sabuwa wadda har yanzu ake fitar mata da gyaran tsaro. A sayi biyu ma, a yi wa ta biyun saiti iri ɗaya a ajiye a durowa, don ranar da ta farkon ta ƙone, maigadi ma zai iya sauya wayoyi ba sai an jira injiniya daga Abuja ba. Ragowar kuɗin a sa su a inbata da batir da sola da wayar binnewa.