Jinjina ga masu zanen duwatsun Birnin Kudu

Duk wanda ya tsaya a gaban Dutsen Habude ko Dutsen Mesa a Birnin Kudu, kudu da garin Dutse, zai ga shanu da aka zana da jan launi, masu dogayen ƙahoni, kuma galibinsu ba su da tozo. Rashin tozon nan shi ne abin lura. Shanun da Fulani ke kiwo a Jigawa yau masu tozo ne, don haka zanen yana ba da shaidar wani zamanin kiwo dabam. Mai zanen bai yi ƙari ba, bai yi ragi ba, abin da idonsa ya gani shi hannunsa ya ajiye, har ya zama hujja ga masu bincike irin su Bernard Fagg, wanda a 1955 ya tarar da duwatsu masu amo kamar ƙararrawa a kusa da zanen.

Wani zai ce ai wannan bai kai a kira shi wayewa ba, tunda babu rubutu irin na Mayawa, babu dala irin ta Chichen Itza a Meziko. To, amma Inkawa sun mulki tsaunukan Andes ba tare da haruffa ba, da ƙulle-ƙullen zare suke ajiye lissafinsu, kuma babu mai musun wayewarsu. Haɗa launin da zai manne wa dutse, ya jure hunturu da damina ƙarni bayan ƙarni, ilimi ne da sai an koya a wurin na gaba. Magina na yau ma fentinsu bai cika daɗewa haka ba.