Napoli a Bakin Stanley Tucci

Manyan jiragen ruwan yawon shaƙatawa da ke zagaya Bahar Rum suna yada zango a Napoli ne a tsakiyar gari. Fasinja na saukowa zai yi ido biyu da Castel Nuovo, tsohuwar fadar da aka fara ginawa a 1279, kuma 'yar tafiyar ƙasa ta minti ashirin za ta kai shi cikin lungunan tsohon birni. Duk da haka da yawa daga cikin masu saukowar ba sa shiga. Motocin safa na jiransu a bakin tasha, wasu su nufi kangon Pompeii, wasu su sake hawa ƙaramin jirgi zuwa tsibirin Capri, da yamma su dawo ɗakunansu na cikin jirgi ba su ɗanɗana ko ruwan garin ba. Napoli ta daɗe da baƙin jini a wajen baƙi: an ce shara, an ce 'yan sane, an ce gungun miyagun nan na Camorra.

Wata ƙanwata ce tafiyarta ta jirgin ruwa za ta ƙare a can, da kwana biyu a hannunta kafin ta hau jirgin sama zuwa gida. Ta ce da ni, "Yaya, me zan yi da kwana biyu a garin da ban san komai a kansa ba sai cewa Osimhen ya taɓa buga musu ƙwallo?" Na ce ta nemi kashi na farko na shirin Stanley Tucci: Searching for Italy ta kalla. Da na ba da shawarar sai na ji ya kamata in sake kallonsa, kada in tura yarinya inda ban tabbatar ba. Ban yi nadama ba.

Tashar CNN ce ta fara nuna shirin a watan Fabrairun 2021. Tucci ɗan fim ne Ba'amurke, haifaffen jihar New York a 1960, wanda asalinsa ta uwa da uba duk daga Italiya yake. Masu kallon finafinan Amurka sun san fuskarsa a The Devil Wears Prada, amma wanda ya ga Big Night na 1996, labarin wa da ƙani masu gidan abincin da ciniki ya guje wa, ya san cewa tun tuni zuciyar mutumin tana kicin. Niyyarsa ita ce ya bi yankuna ashirin na Italiya ɗaya bayan ɗaya ta hanyar tukunyarsu. Zango na farko ya ƙunshi kashi shida, ya kuma ci lambar yabo ta Emmy. Da Napoli da gaɓar Amalfi aka buɗe.

Abin da ya fi burge ni shi ne inda ya zaɓi ya fara. Da wani ne, da ya shiga da mu kai tsaye gidan da ake cewa a nan aka yi wa Sarauniya Margherita fizar da ta ɗauki sunanta a 1889, labarin da masu jan ragamar 'yan yawon buɗe ido ke rerawa kullum, wanda kuma masana tarihi ke ɗaga wa gira. Tucci lungu ya shiga, wajen wata dattijuwa mai suyar fiza a tafasasshen mai. Ana naɗe kwaɓin da abin da aka zuba a ciki, a jefa a kasko, ya kumbura ya yi ja, a miƙo maka a takarda kana tsaye. Wannan ita ce fizar talaka, wadda ba ta buƙatar tanderu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da gari ya ragargaje, mata ne suka riƙa soya ta a ƙofar gida suna sayarwa bashi, ka ci yau ka biya bayan kwana takwas. A fim ɗin Vittorio De Sica na 1954, L'oro di Napoli, irin wannan sana'a Sophia Loren ta fito tana yi. Duk wanda ya taɓa cin ƙosan maƙwabciya a kan sai albashi ya fito zai gane wurin tun kafin a fassara masa magana.

Daga nan ne shirin ya gina hujjarsa, kuma bai tsaya yi mana lacca ba. Yana nuna cewa abubuwa biyu ne suka dafa abincin Napoli, talauci da dutsen Vesuvius. Dutsen da ya binne Pompeii da toka a shekara ta 79, wanda amansa na ƙarshe ya faru a 1944, shi ne kuma ya ba ƙasar yankin albarkar da take da ita. Tucci ya bi gwanin fiza Enzo Coccia a kan sawun kayan haɗinsa: gonar tumatirin San Marzano a gindin dutsen, da wurin da ake murza cukun mozzarella daga nonon ɓaunar ruwa, ana gutsure shi da hannu yana tururi. An kuma taɓo maganar gwangwanayen jabu masu ɗauke da sunan San Marzano alhali tumatirin bai taɓa ganin yankin ba. Kafin fizar ta fito daga tanderun itacen da zafinsa ya wuce digiri 400, inda ba ta wuce minti ɗaya da rabi, mai kallo ya riga ya san kowane abu da ke kanta da inda ya fito. Hukumar UNESCO ta sanya wannan sana'a cikin gadon al'adun duniya a 2017, amma ni hannun Coccia a kan kwaɓi ya fi gamsar da ni a kan kowace takardar shaida.

Akwai kuma ɗan guntun wuri a kan abin da suke kira caffè sospeso. Mutum ya sha kofi ɗaya ya biya kuɗin biyu, na biyun ya zauna yana jiran wanda zai shigo aljihunsa a bushe. Mai bayarwa bai san mai sha ba, mai sha bai san wanda zai gode wa ba. Minti kaɗan aka ba shi a shirin, ya kuma isa.

Sai Scampia. A nan ne na ƙara ganin girman masu shirin, domin babu wata motar 'yan yawon buɗe ido da ke zuwa wannan unguwa ta arewacin birnin. Dogayen gidajenta da ake kira Vele sun yi suna ne da fataucin ƙwaya, musamman bayan littafin Gomorra na Roberto Saviano da ya fito a 2006. Tucci ya je wani gidan abinci mai suna Chikù, inda matan Napoli da matan ƙabilar Roma, waɗanda ake ƙyama a kusan ko'ina a Turai, suke girki a murhu ɗaya. Ya zauna ya ci, ya yi tambaya, ya yi shiru ya saurara. Wannan shirun nasa shi ne babban jarinsa. Italiyancinsa yana ɗingishi, bai kuma ɓoye ba. Idan kalma ta kuɓuce masa sai ya yi dariya ya nemi a taimake shi, abin da ke sa mai girki ya saki jiki. Daga baya, a 2021 ɗin, ya bayyana cewa ya yi jinyar sankara a tushen harshensa, har cin abinci ya zame masa aiki na tsawon lokaci. Da na sake kallo da wannan a raina, sai yadda yake lumshe ido a kan kowace loma ya daina yi mini kama da wasan ɗan fim.

Rabi na biyu na kashin ya fi laushi, kuma a nan nake da ƙorafi. A tsibirin Ischia an nuna abin mamaki, wato mutanen da teku ya kewaye amma abincin alfaharinsu zomo ne, wanda a al'adance ake kiwonsa a ramuka. Wurin ya yi daɗi. Amma da aka gangara gaɓar Amalfi sai kyamara ta fara maye da kyan wuri: shuɗin ruwa, gidaje maƙale a jikin dutse, lemun tsami manya-manya. A garin Minori an ci kek ɗin lemun tsami na Sal De Riso, an yaba, an wuce. Ba a ce uffan ba a kan cunkoson da ke shaƙe wannan siririyar hanya duk bazara, ko yadda dubban masu saukowa daga jiragen ruwa ke cika garuruwan na 'yan sa'o'i su watse. An ɗauki wannan kashin ne a zamanin korona, lokacin da baƙi suka ɗauke ƙafa, don haka wadda za ta je yanzu kada ta sa ran samun wannan sararin. Haka kuma mai neman wuraren kallo ba zai ƙoshi ba. Babban gidan tarihin Napoli, inda aka adana mafi kyawun abin da aka tono a Pompeii, bai samu shiga ba. Titin Spaccanapoli da ya tsaga tsohon birni biyu sai dai a hango shi a wucewa. Mutumin ciki ya sa a gaba, bai kuma yi alkawarin wani abu daban ba.

Wuri ɗaya ne ya ceci wannan rabin. A gidan abincin Lo Scoglio da ke bakin ruwa kusa da Nerano, Tucci da matarsa Felicity Blunt sun je koyon wata taliya da suka daɗe suna kwaikwaya a gida ba ta fitowa daidai. Hadari ya taso, iska na kaɗa rumfa, su kuwa suna kicin. Taliyar ba ta da wani tarkace: zukini, wato 'yar kabewar nan mai siffar kokwamba, da cuku, da ganyen ɗoɗɗoya. Ashe sirrin shi ne a yanka zukinin siri-siri, a nutsar da shi a mai mai yawa ya soyu, a bar shi ya kwana, washegari ya narke a jikin taliyar. Fuskar Tucci a lokacin da ya gano cewa shekara da shekaru rowar mai ce ke ɓata masa girki ta fi duk hotunan tekun da aka nuna.

Abu ɗaya na ƙara wa ƙanwata wanda shirin ba zai gaya mata ba, domin ba don ita aka yi shi ba. Soyayyar fizar gargajiya sau da yawa da ƙararren kitsen alade a cikinta, zomon Ischia da giya ake dafa shi, kek ɗin lemun tsamin ma akan jiƙa shi da barasar limoncello. Na ce ta riƙa tambaya kafin ta kai baki, kuma idan ta rasa abin cewa ta nemi marinara, wadda tumatir ne kawai da tafarnuwa da man zaitun da ɗan ganyen ƙamshi. Na ce ta ba Pompeii safiya ɗaya, jirgin ƙasan Circumvesuviana zai kai ta cikin ƙasa da sa'a guda, sauran lokacin kuma ta bi Via dei Tribunali a ƙasa da yunwarta. Ta ce to, amma ita sai ta fara zuwa unguwar Quartieri Spagnoli ta ɗauki hoto a gaban zanen Maradona, don mijinta ya ce kada ta dawo masa ba da shi ba.