Yadda Ake Kwantar da Bedi a Tsakiyar Gari

Da bazara ta yi nisa, iskar farkon damina ta fara tashi, masu gida a Maraɗi sai su riƙa ɗaga kai suna duban tsohon bedin da ya sunkuya kan katanga. Lokacin ne ake neman mai injin sare itace. Da takardar izinin ma'aikatan gandun daji ake farawa, balle ma idan gawo ne, wanda doka ta kare.

Gwanin ba ya tada inji da zuwansa. Sai ya zagaya bishiyar, ya ga inda nauyin rassa ya rinjaya, ya bubbuga gindin da ƙotar gatari. In ya ji amsa kamar ta ganga, cikin kogo ne, aikin kuma ya sake salo. Ya dubi wayar lantarki da rufin maƙwabta, ya zaɓi inda zai gudu, ya sa yara su share masa hanyar.

Sannan ya zauna da magagari. Zarton nan sarƙa ce mai haƙora, tana zagaya wani dogon faifan ƙarfe, kuma kowane haƙori sai an wasa shi shi kaɗai. Ja uku a wannan, ja uku a wancan, hannu bai sauya karkata ba. In haƙoran gefe ɗaya suka fi na ɗayan tsawo, yankan zai kauce. Shaidar aikin tana ƙasa: sarƙa mai kaifi ɓarzajjen itace take zubarwa, dakusasshiya kuwa gari mai laushi. Wani Ba'amurke mai sare itace, Joseph Cox, shi ya ƙera irin wannan haƙori, bayan ya lura da yadda tsutsar itace ke cin kututture, ya fara sayar da sarƙar a 1947. Injin fetur da Andreas Stihl ya fitar a Jamus a 1929 ya haura kilo 40, sai mutum biyu ke riƙe shi. Na yau hannu biyu sun ishe shi, amma dole a gauraya masa fetur da man inji daidai gwargwado, a zuba wa sarƙar nata man daban.

Yaron da ya fi ƙarfin hali ya hau, ya rage rassa, ya ɗaura igiya can sama. Masu zaman inuwa kuwa tuni sun fara ba da shawara daga kan tabarma, kowa da inda yake so ta faɗi.

Yanka na farko a gefen da ake so ta kwanta ake yin sa: ɗaya a miƙe, ɗaya a karkace daga sama, su haɗu, a cire ɓallin itace, baki ya buɗe. Zurfinsa wajen kashi ɗaya cikin huɗu na kaurin gindin. Sai a koma baya, a ɗan ɗaga sama da wancan, a shiga yanka na ƙarshe.

Nan gwanintar take. Ba ya barin yankan gaba da na baya su haɗu. Yana rage siririn tsakani bai taɓa ba, shi ne zai riƙe bishiyar, ya lanƙwasa da ita har ta kai ƙasa inda aka nufa. In gaggawa ta sa aka cinye tsakanin nan, bishiya ta zama ba ta da linzami. Idan ta nemi komawa baya ta danne zarto, sai a buga guntun itace mai fiƙe a tsagar. Kuma ba ya yarda kan faifan ya taɓa komai, don nan ne injin ke zabura ya dawo wa mai shi fuska.

Ƙara ɗaya za ka ji daga cikin gindin. Ya zare zarto, ya ce wa masu riƙe da igiya "Ku ja!", ya ja da baya a karkace.

Babu abin da ke zubewa. Gungumen na masassaƙa da kafintoci ne, rassa na masu tuya da gidajen burodi, amalanke ta kwashe har Tibiri ko Jiratawa. Can kudu, a dajin Baban Rafi, masu saran da ke ciyar da kasuwannin itace na karkara, waɗanda dokar 1992 ta tsara, su ma da gatari lissafin inda bishiya za ta faɗi suke yi kafin su kai sara.

In bishiyar gidanku ta fara jingina, kada ku jira hadari. Ku nemo takarda, ku kira wanda ya iya, ku kuma kwashe yara daga wurin.