Layi ɗaya, ƙofa shida

Aikin masu rubuta manhajojin intanet ya yi sauƙi sosai, kuma ban ga laifin sauƙi ba. Abin da ke damuna shi ne yadda muke yi wa bayanai rajista a layi ɗaya, ba tare da mun ƙirga ƙofofin da layin ya buɗe ba.

Roy Fielding ne ya fayyace tsarin REST a kundin digirinsa na uku a shekarar 2000: kowane abu, ɗalibi ne ko rasit, yana da nasa adireshi, kuma duk hanya guda ake bi a yi mu'amala da su. Ruby on Rails ya mai da abin yayi a 2007. Ka rubuta `resources :photos`, hanyoyi bakwai sun fito. A Laravel, `apiResource` biyar yake bayarwa. A Django REST framework kuwa, in ka miƙa wa `router.register` ajin `ModelViewSet`, ayyuka shida ka samu: jerowa, ƙirƙira, dubawa, sauyawa gaba ɗaya, gyaran wani sashe, da gogewa.

A ce manhajar makaranta kake ginawa da Django REST framework, shugaba yana so ɗalibai su riƙa ganin makinsu a waya. Ka yi rajistar `sakamako`, ka gwada, maki ya fito, kowa ya yaba. Amma in ba ka taɓa saitin izini ba, `AllowAny` ne ke aiki, wato kowa ya zo bismillah. Yaron da ya gane adireshin zai iya aika PATCH zuwa `/sakamako/14/` ya mai da 38 ta koma 83, ko ya aika DELETE ya share makin abokin hamayyarsa. Ba kutse ya yi ba, kai ka yi masa rajistar hanyar.

Matsala ta biyu ita ce yadda ake kasa rukuni. Da yawa teburan rumbun bayanai suke bi, kowane tebur da rajistarsa. A ganina, a kasa bisa wanda zai yi amfani da su ya fi: na ɗalibai daban, na malamai daban, na ofishin kuɗi daban. `APIRouter` na FastAPI yana ba ka damar ɗora binciken izini a kan rukuni sau ɗaya, duk hanyar da aka ƙara daga baya ta gaje shi. `Blueprint` na Flask ma yana yin haka ta `before_request`. Sabon ma'aikacin da ya ƙara hanya a gaggauce ba sai ya tuna da kulle ta ba.

Wasu na cewa mafita a koma rubuta kowace hanya da hannu. Ban yarda ba, don nan ne sunaye ke rikicewa, wannan ya rubuta `dalibi`, wancan ya rubuta `dalibai`. A ci gaba da rajistar, amma a fara da mafi ƙanƙanta: `ReadOnlyModelViewSet` a Django REST framework in karatu kawai ake so, `only:` a Rails. Sannan kafin a saki manhaja, a buga `rails routes` ko `php artisan route:list`, a karanta jerin layi bayan layi, tunda gani ya kori ji. Duk hanyar da aka rasa wanda zai faɗi wa ya nemi a buɗe ta, a cire ta.