Sara a Jikin Itace: Sharhi Kan Fassara Shi da Alamar Binanniyar Dukiya a Ƙasar Batsari da Safana

Gabatarwa

Akwai wani ra'ayi da ya daɗe a bakin jama'a a ƙasar Hausa, cewa mutanen dā, idan yaƙi ya taso musu, sukan binne dukiyarsu a gindin itace su yi masa shaida, domin in ƙura ta lafa su dawo su tone. A 'yan shekarun nan ra'ayin ya sami ƙarin ƙarfi daga hotunan da ake kallo a intanet, inda masu farautar dukiya na Amurka suke nuna zane-zane a jikin itatuwa, suna cewa wata ƙungiyar asiri ce ta yi su don nuna inda ta ɓoye zinariya bayan yaƙin basasarsu da ya ƙare a 1865. Manufar wannan maƙala ita ce auna wannan irin fassara, a ga ko tana da ƙafar tsayawa. An ɗauki ƙasar Batsari da Safana, a yammacin Jihar Katsina, don yin misali, saboda tarihinta ya ba wa masu wannan ra'ayi hujjar da ta fi kowace ƙarfi.

Abin da Ya Ba Ra'ayin Ƙarfi

Dole ne mai sharhi ya fara da ba wa abokin jayayyarsa haƙƙinsa. Dajin Rugu, wanda ya ratsa waɗannan ƙananan hukumomi biyu, ba tun asali yake daji ba. Bayan da masu jihadi suka karɓi Birnin Katsina a wajejen 1807, tsohuwar sarauta kuma ta kafu a Maraɗi, sai wannan yanki ya zama fagen fama tsakanin ɓangarorin biyu. A zamanin Sarkin Katsina Siddiƙu, wanda ya yi mulki daga 1836 zuwa 1844, an murƙushe boren da ya taso a ƙasar Ruma, garuruwa da dama suka tashi. Sa'ad da matafiyin nan Heinrich Barth ya bi ta Kurfi da Zakka a 1853 a kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato, ya tarar da daji mai ban tsoro, ya kuma ga kufai a inda dā akwai garuruwa. Mai son cikakken bayanin wannan zamani sai ya duba littafin Yusufu Bala Usman na 1981 kan tarihin Katsina.

Ke nan gudun gaggawa ya auku, kufai suna nan, tsofaffin kukoki kuma suna tsaye a kansu da tabo iri-iri a jikinsu. Abin tambaya shi ne ko waɗannan abubuwa uku sun isa su haifi na huɗu, watau cewa tabon nan hannunka-mai-sanda ne zuwa ga dukiya.

Su Wa Ke Saran Itace?

Rauni na farko a wannan fassara shi ne ta manta da yawan mutanen da sana'arsu ke kai su ga jikin itace. Mai tukar igiya yana ɗaye ɓawon kuka daga ƙasa zuwa iyakar inda hannunsa ya kai, ɓawon ya sāke tohowa ya bar zobe kewaye da gindi. Mai ɗibar ganyen miya da mai cin zuma suna kafa 'yan turaku a jere don hawa, idan turakun suka ruɓe sai a ga ramuka sun miƙe sama kamar an shirya su da awo. Mai maganin gargajiya yana ɗibar sassaƙen maɗaci ko marke, sau da yawa ta gabas da yamma, bisa ƙa'idar sana'arsa. Makiyayi yana sare rassan gawo da maɗaci da rani don dabbobinsa. Maharbi yana sara don ya gane hanyar komowa. Manoma biyu suna shaida itacen da ya raba gonakinsu, haka ma ake shaida gefen burtali. Sa'an nan ga malaman daji, tun daga zamanin En'e, waɗanda suke shaida iyakar gandun daji da itatuwan da aka yarda a sare.

To, idan sana'a bakwai ko takwas suna barin tabo a daji guda, da wane ma'auni za a ware ɗaya a ce shi ne na mai ɓoye dukiya? Labarin Ali Baba ya riga ya koya mana wannan darasi: da baiwarsa ta ga an yi wa ƙofarsu shaida, sai ta yi wa ƙofofin maƙwabta irinta, shaidar ta tashi a banza. Mai neman dukiya yakan zaɓi tabon da ya dace da burinsa ya bar sauran, wannan kuwa ba nazari ba ne, son zuciya ne.

Halin Itace da Kansa

Rauni na biyu ya shafi yadda itace ke girma. Itace yana ƙara tsawo ne daga kan rassansa, gangar jikinsa kuwa kauri kawai take ƙarawa. Saboda haka sara ba ya hawa sama da shekaru, sai dai ya buɗe ta gefe, ya karkace, ko sabon ɓawo ya rufe shi. Layin da aka tsaga a miƙe yana iya zama baki mai faɗi, ramuka biyu kuma su haɗe su yi kama da kibiya. Watau siffar da ido ke gani yau aikin itacen ce fiye da aikin mai saran. Wanda ya ce kan kibiyar ya nuna kudu maso gabas, a auna taki arba'in a tona, yana karanta abin da ba wanda ya rubuta.

Bugu da ƙari, daga shekarun 1840 zuwa yau an haura shekara 180. Gaskiya ne an auna wasu kukoki a kudancin Afirka an same su sun wuce shekara 1,000, amma yawancin itatuwan dajinmu ba su kai wannan ba, ga gobarar daji kusan kowane rani, ga gara, ga gatari. Tabon da bakinsa ke da kaifi har yanzu ya fi kusa da zamanin kakanninmu na jiya da na Siddiƙu.

Mece Ce Dukiyar?

Rauni na uku shi ne jahiltar abin da ake kira dukiya a wancan zamani. Arzikin mutumin ƙauye a ƙarni na 19 yana cikin rumbunsa da garkensa da tufafinsa, na basarake kuma a dawaki da bayi. Waɗannan duka ko dai a kora su, ko a ɗauka, ko a bar wa mahara. Ba a binne su. Kuɗin hannu kuwa wuri ne. Barth ya tarar ana canjin dala guda a kan wuri 2,500 a Kano a 1851, keso guda kuma, watau wuri 20,000, kaya ne na gaske. Ko da an dace da tukunyar wuri a kufai, darajarta ta tarihi ce, ba ta kasuwa ba.

Ana iya kawo Durɓi ta Kusheyi, a gabas da Katsina, inda tonon da aka yi a 1907 da 1992 ya fito da kayan manyan mutane, har da na zinariya. Amma waɗannan kaburbura ne masu tudu da kowa ke gani, ba ajiyar mai gudu ba ce, ba kuma tabon itace ne ya kai masu bincike gare su ba.

Inda aka tabbatar an yi amfani da itace don nuna ajiya, shaidar takan zo a fili. A 1861, a bakin rafin Cooper a Ostireliya, mutanen ayarin Burke da Wills sun binne abinci, suka sassaƙa kalmar da ke nufin a tona a jikin itace, abokansu kuma suka iso suka tone a ranar. Saƙo ne bayyananne, ga mutum sananne, don ɗan lokaci. Bahaushen da ke son ɓoye abu daga maƙiyi kuwa ba shi da dalilin yi masa tuta. Zai riƙe wurin a ka, ya gaya wa ɗansa.

Abin da Ake Hasara

Da a ce kuskuren ya tsaya a baki, da ba a damu ba. Amma fassarar tana ƙarewa ne da diga da shebur. Kufai yana riƙe da tsingaro, da duwatsun niƙa, da ramukan marina, da kashin maƙera, kowanne a matakinsa na ƙasa, wannan jeri kuwa shi ne ke gaya wa mai binciken kayan tarihi abin da ya riga wani. Rami ɗaya na gaggawa ya isa ya hautsina shi har abada. Mun ga abin da tonon ɓarauniya ya yi wa gumakan yumɓu na Nok da Sakkwato da Katsina, har Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sa su cikin jerin kayan da ke cikin haɗari a shekarar 2000. Dokar Nijeriya mai lamba 77 ta 1979 ta hana irin wannan tono sai da izinin Hukumar Gidajen Tarihi. A fiƙihun Malikiyya ma, binanniyar dukiyar Musulmi hukuncin tsintuwa gare ta, sai an yi cigiya. Ta jahiliyya kaɗai ake kira rikazi, a fitar da humusi.

Akwai kuma hasarar da ta fi wannan gaggawa. Hare-haren 'yan bindiga, irin wanda aka kai Tsauwa da Ɗankar a ƙasar Batsari cikin Fabrairun 2020, sun raba dattawa da yawa da ƙauyukansu. Su ne kuwa masu iya duban tabo su ce wannan na mai zuma ne, wancan iyakar gidan wane ce.

Kammalawa

Sara a jikin itace rubutu ne, amma abin da ya ƙunsa shi ne wanda ya yi noma a nan, da wanda ya yi kiwo, da inda hanya ta bi. Mai neman zinariya a ƙarƙashinsa ya zama kazar da rashin sani ya sa ta kwana a kan dami. Aikin da ke gaban ɗalibanmu na Hausa da na tarihi shi ne su nemi waɗannan dattawa a duk inda suke zaune yanzu, su tattara sunan kowane irin sara, da sana'ar da ke yin sa, da sunayen kufai da kukokinsu, tun masu sanin suna raye.