Idon Kyamara da Hasken Ƙasarmu: Nazari kan Zaɓen Tsohon Gilashi Mai Milimita 50

A ƙauyukan yammacin Katsina, daga Batsari zuwa Safana har Babban Duhu, hoto a da ba abin kullum ba ne. Sai da dalili ake yin sa: ranar Sallah, bikin aure, suna, ko fasfon mai niyyar aikin Hajji. Mai hoto kan zo ranar kasuwa ko ranar buki, ya rataya labulensa a jikin katanga, ya ɗauki mutane bi da bi, ya tafi birni wankin fim, sannan ya dawo da katunan. Fim ɗaya bai wuce ɗauka 36 ba, kuma kowace ɗauka kuɗi ce. Wannan tsadar ce ta haifi salon da muka gada: mutum ya fito gaba ɗayansa, daga hula zuwa takalmi, agogo a bayyane, aikin riga a shimfiɗe, fuska a natse.

Masu sha'awar tsofaffin kyamarori sun daɗe suna muhawara kan wane ido ne, wato gilashin gaban kyamara, ya fi kyau a cikin masu milimita 50. Galibin muhawarar a Turai da Japan da Amurka ake yin ta, da haskensu da fuskokinsu. Ni ina ganin ba suna ko farashi ne ya kamata ya yanke hukunci ba. Rana, inuwa, ƙura da kunyar mutanen wuri su ne alƙalai.

Kyamara mai ma'aunin nisa

Kyamarar da ake magana a kanta ba irin wadda ake leƙawa ta cikin idonta ba ce, kamar Zenit ko Pentax da masu hoton ƙasar nan suka riƙe sosai. Ita wannan tana da 'yar taga daban a sama. Idan ka leƙa, za ka ga wani ɗan fili mai haske a tsakiya, inda abin da kake kallo ya rabu biyu. Sai ka riƙa murza zoben ido har siffofin biyu su hau kan juna. In dattijo ne a gabanka, ka ɗora filin a kan bakin hularsa ko kan zaren aikin rigarsa. Da zarar layin ya zama ɗaya, saiti ya zauna. Leica ta saka wannan ma'auni cikin kyamararta a 1932, shekarar da Zeiss ta fito da Contax. Daga baya Tarayyar Sobiyat ta kwaikwaye su: FED daga Kharkiv tun 1934, Zorki daga Krasnogorsk, Kiev kuma ta bi sawun Contax.

Abu biyu suka sa irin wannan kyamara ta dace da mu. Ba ta da madubin da ke bugawa a ciki, don haka ƙararta kaɗan ce, ba ta firgita yaro. Kuma yawancin tsofaffin ba sa saiti a ƙasa da mita ɗaya. Ko da mai hoto ya so ya kutsa fuskar mutum, kayan aikinsa ba za su bar shi ba.

Dalilin milimita 50

Fim ɗin ƙaramar kyamara faɗinsa milimita 36 ne, tsayinsa 24, kuma daga kusurwa zuwa kusurwa ya kai kamar 43. Idon da tsawonsa ya yi kusa da wannan adadi ba ya matso da nesa, ba ya kuma tura kusa ta yi nisa. Shi ya sa tun da Oskar Barnack ya ƙera Leica, aka fito da ita kasuwa a 1925, milimita 50 ya zama mizani. Henri Cartier-Bresson na Faransa ya yi mafi yawan aikinsa da shi.

A wurinmu akwai ƙarin dalili. Don ka ɗauki mutum a tsaye gaba ɗayansa da wannan ido, sai ka ja da baya kamar mita uku. Wannan ita ce tazarar da yaro ke bari idan zai gaida hakimi ko malami, kuma ita ce tazarar da ke sa matar aure ta tsaya gaban baƙo ba tare da ta sunkuyar da kai ba. Idon wayar salula mai faɗi ne, yana sa mai ɗauka ya matso, sai hanci ya ƙara girma, kunnuwa su janye baya, mai zama kuma ya takura. Natsuwar da muke gani a tsofaffin hotunan iyayenmu, rabinta daga wannan tazara ta fito. Haka yake a ayyukan Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, da Malick Sidibé, da Philippe Koudjina na Yamai. Kyamarorinsu sun bambanta da wadda muke magana a kai, amma darasin ɗaya ne: ka ba mutum fili ya shirya kansa, ya fito yadda yake so a tuna da shi.

Gidaje uku

Tsofaffin idanun nan daga gidaje uku suka fito. Na farko shi ne Tessar, wanda Paul Rudolph ya tsara wa Zeiss a 1902, da gilasai huɗu kacal. Elmar na Leica, aikin Max Berek, ɗan uwansa ne a gini, haka ma Industar na Sobiyat. Ƙanana ne, marasa nauyi, wasunsu har turawa ake yi su shige cikin kyamara. Ƙofar haskensu takan tsaya a f/3.5 ko f/2.8. Idan aka rage ta zuwa f/8, kaifinsu ba shi da abin kushewa.

Na biyu shi ne Sonnar, wanda Ludwig Bertele ya tsara, ya fito tare da Contax a 1932. Mai f/2 yana da gilasai shida, amma an manne su rukuni uku. Hikimar ita ce duk inda gilashi ya haɗu da iska, wani haske yakan fanɗare ya yi yawo cikin ido ya dushe hoto. Rage mahaɗun ya rage ɓarnar, tun kafin Alexander Smakula ya samo wa Zeiss dabarar shafe gilashi a 1935. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Sobiyat ta kwashi injuna da zane-zanen Zeiss, ta ci gaba da ƙera wannan ido da sunan Jupiter-8. Japan ma ta bi: idanun Nikkor da David Douglas Duncan ya ɗaura wa Leica ɗinsa a yaƙin Koriya a 1950, waɗanda suka fito da sunan Nikon a duniya, ginin Sonnar ne.

Na uku shi ne gidan da ya haifi Summar a 1933 da Summicron a 1953, wanda ake dangantawa da sunan Gauss. Da shafi ya inganta, wannan gida ne ya yi rinjaye, kuma Summicron ne yau ake ambata da girmamawa. Kaifinsa ya game hoto daga tsakiya har gefe. Tsadarsa kuma ta kai kaifinsa.

Jarrabawar rana, inuwa da ƙura

A tsakar ranar bazara a Safana, da fim mai ƙarfin 100, mai hoto zai rufe ƙofar haske zuwa f/16, ƙiftawa ɗaya bisa 125 na daƙiƙa. A nan duk idanun uku kusan ɗaya suke. Amma gwani ba ya tsayar da mutum a wannan rana, domin hula za ta jefa inuwa a goshi, idanu su zurma, farar shadda ta ƙone ta zama fili babu zare. Yakan kai shi ƙarƙashin darbejiya ko bakin zaure. To a can ne bambanci ke fitowa.

Babbar matsalar hotonmu ita ce farar riga da baƙar fata cikin kati ɗaya. Ido mai tsananta bambancin fari da baƙi yana tilasta maka zaɓi: ko ka ceci aikin riga fuska ta dushe, ko ka ceci fuska riga ta wanke. Tsohon ido mai shafi ɗaya yana da sassauci. Yana ɗan zuba haske cikin inuwa, sai zanen fuska da ƙyallin kumatu su fito, alhali aska takwas ɗin da ke ƙirji ba ta ɓace ba. Abin da mai gwaji a Turai zai rubuta a matsayin rauni, a ƙofar gidanmu alheri ne.

Sai ɗakin amarya, inda al'adar hoton aure ta fi nauyi. Ɗakin ƙasa ne ko na bulo, taga ƙarama, haske daga ƙofa kawai yake shigowa. Amarya na zaune bakin gado, lalle a hannu, bayanta jeren kwanuka da tangaran suna ƙyalli a kabet. In ka kunna fitilar kyamara, kowane murfin kwano zai mayar maka da walƙiya, fuskar ta yi fayau babu zurfi. In ka dogara da hasken ƙofa, kana buƙatar ido mai buɗewa. Ƙofar f/2 tana shigar da haske ninki biyu na f/2.8, kuma kusan ninki uku na f/3.5. A nan Elmar da Industar suke gazawa. Sonnar kuwa a buɗe yakan riƙe idon amarya da kaifi, ya narkar da jeren ya zama taushin haske a bayanta, ana ganin arzikin ɗakin amma bai danne mai ɗakin ba.

Jarrabawa ta uku ita ce hunturu. Fumfunar da ke cin gilashi a Legas ko Fatakwal ba ta cika damun mu ba sai da damina, amma ƙurarmu ba ta da tausayi. Ido mai shigewa ciki yana jan ƙura duk lokacin da aka zaro shi. Gilashin gaban Summar da na Summicron na farko mai laushi ne, kuma goge shi da gefen riga alhali da ƙura a kai tamkar wanke tukunya da yashi ne. Da yawa daga cikin waɗanda suka rage a kasuwa suna ɗauke da wannan tabo. Dole a hure ƙura tukuna, a sa gilashin kariya a gaba, a rufe da murfi.

Wanda na zaɓa

Idan aka haɗa jarrabawar nan uku, zaɓina Jupiter-8 ne. Yana buɗewa har f/2, bambancinsa mai sassauci ne, jikinsa ba ya shigewa ciki, kuma an ƙera shi da yawan gaske, domin shi ne ya zo a gaban ɗimbin Zorki-4, wadda aka yi ta ƙerawa daga 1956 zuwa 1973. Saboda haka matashi mai koyon sana'a zai iya mallakarsa, kuma in ya faɗi a hanyar garin Runka ba a yi asarar gona ba.

Yana da aibu, kuma wajibi ne mai saye ya san su. Ingancinsa ya bambanta daga ɗaya zuwa ɗaya, sai an gwada kafin a biya. Jikinsa gorar ruwa ce mai saurin lotsewa, man da ke ciki kuma yakan daskare da tsufa, sai an kwance an sake. Zoben ƙofar haskensa ba ya tsayawa daki-daki, yatsa na iya gusar da shi ba ka sani ba. Sannan an auna shi ne da mizanin Contax, saboda haka a kan Leica yakan ɗan kauce wa saiti idan an matso kusa kuma an buɗe shi duka; a kan Zorki ko FED ne yake zama daidai. Wanda aikinsa duk na waje ne, hawan Sallah ko taron makaranta, Industar-61 zai ishe shi, ya ma fi kaifi. Wanda Allah ya hore wa Summicron mai tsabtar gilashi ba zai yi da-na-sani ba. Amma wanda zai bi mutanenmu daga inuwar bishiya zuwa zaure zuwa ɗaki da ido ɗaya, ginin Sonnar ne ya fi fahimtar tafiyar.

Amfaninsa a yau

Fim ya yi wuya, masu wankinsa sun yi ƙaranci, amma idanun ba su mutu ba. Da ɗan zoben haɗi mai araha, ana ɗaura su a kan kyamarorin zamani marasa madubi na Sony ko Fujifilm. A kan mai cikakken faɗin fim, milimita 50 yana nan yadda yake, kuma matsalar kaucewar saiti ta kau, tunda kana ganin hoton ta cikin idon kansa.

Buƙatar hoto ma ta fi ta da. Shekarun rashin tsaro a gefen dajin Rugu sun raba iyalai da yawa na Batsari da Safana da gidajensu, wasu suka koma Katsina ko Dutsin-Ma. A watan Satumban 2021 har layukan waya aka datse a waɗannan ƙananan hukumomi. Hoton da ke cikin waya yakan tafi tare da wayar, in an sace ta ko ta lalace. Dattawan da suka san tarihin waɗannan garuruwa suna ƙarewa, da yawansu ba su da hoto sai na katin zaɓe. Matasan yankin da ke riƙe da kyamara su ne za su cike wannan giɓi. Su nemi izini, su bar mutum ya sa rigar da yake so, su ja da baya mita uku, su nemi inuwa mai kyau. Sannan su wanke hoton a kati, su rubuta suna da gari da shekara a bayansa, su miƙa wa iyalinsa kwafi biyu, ɗaya na gida, ɗaya na ɗan uwan da ke birni.